Dutse a Gonar Aro

Malam Datti bai yi boko ba. Ya leƙa makaranta a garinsu can ƙasar Katsina, ya koyi rubuta sunansa, ya fito, kuma bai taɓa jin ya rasa wani abu ba. Ɗansa Muktar ne ya yi karatu har ya ƙoshi. Ya sami aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ya kama gida a Kado cikin Abuja, ya sayi mota, amma bai daina karatun ba. Wannan ne Datti ya kasa ganewa. Mutum ya gama makaranta, an ba shi shaida, an ba shi kujera, me kuma yake nema cikin littafi?

Muktar da abokansa suna da wata al'ada. Duk ƙarshen wata sukan zauna a bakin tafkin Jabi, kowa ya zo da littafin da ya ce ya sauya masa tunani, ya tallata wa saura. Ba na ƙagaggun labarai ba, na abin da ya faru da gaske ko na binciken masana. Duk littafin da ya shiga ran Muktar, ranar Asabar sai ya taho da shi Orozo, inda iyayensa ke zaune a gefen Abuja, ya zauna a rumfar ƙofar gida, yana karantawa da Turanci yana juya wa mahaifinsa da Hausa.

Datti ya lura da abu guda. Duk littafin da ya shigo gidan, sai wani abu ya fita.

Na farko wani likita ne ya rubuta shi a kan abinci. Muktar na gama bayaninsa ya shiga ɗakin uwarsa Kande ya ɗauke gwangwanin sukari.

"Baba, littafin nan ya buɗe mini ido. Guba muke sha."

"Ni na roƙe shi ya buɗe maka?"

Datti ya yi faɗa, ya ƙi cin tuwo, ya ce gidansa ne. Daga baya ya sha shayinsa lami, har ya saba. Na biyu a kan tarbiyyar yara ne. Shi ya tafi da dorinar da ke rataye a bayan ƙofa, wadda jikoki ke kallo su nutsu.

"Da ita aka yi ka," in ji Datti.

"Allah ne ya yi ni, Baba. Ita dai ta bar mini tabo."

Nan ma ya yi faɗa, nan ma ya haƙura. Daga nan Muktar ya ɗauka ya gama sanin mahaifinsa: tsoho zai yi tsawa, a yi abin da ya dace, gobe ya sauko.

Akwai abin da Muktar bai sani ba. Gonar da Datti ke nomawa a bayan gari, ta hanyar Karshi, ba tasa ba ce.

Lokacin da ake gina Abuja ya zo leburanci. Aiki ya ƙare, ba shi da abin da zai koma gida da shi, kuma ba zai koma hannu wofi a yi masa dariya ba. Wani dattijon Gbagyi ya tausaya masa, ya kai shi daji ya nuna masa da sanda, daga wancan fako zuwa bakin rafi. Aro ya ba shi, da sharaɗi biyu. Duk kaka zai kai damin dawa gidan masu ƙasa. Kuma ba zai dasa itace ba, ko na mangwaro ɗaya, domin a wurin mutanen nan wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce. Dattijon ya rasu, ɗansa Jacob ya gaje shi, sharaɗi bai canja ba. Datti na kiransa Yakubu. Tare suka tsufa.

Damin nan Datti bai taɓa aika yaro da shi ba. Da kansa yake ɗauka a ka bayan sallar asuba. 'Ya'yansa suka tashi suna gani, suka ɗauka alheri ne mahaifinsu ke yi wa maƙwabci, shi kuwa bai gyara musu ba. Ranar neman auren Muktar a Zariya, da dangin yarinya suka tambayi sana'arsa, ya ɗaga kai ya ce, "Muna da gona a Abuja." Bai ji ya yi ƙarya sosai ba. Hannunsa ne ya sare dajin, guminsa ne ya jiƙa shi. Kande kaɗai ta san gaskiya, ita kuwa ba ta magana sai an tambaye ta.

Sai soja suka koma bariki, farar hula suka hau, gari ya fara tahowa. Hanyar da a da jaki ke bi ta cika da tifofi. Ƙetaren rafi, inda wasu ke noman doya, wata safiya aka ga katafila. Kafin damina ta zagayo an jera gidaje masu jan rufi iri ɗaya, an kewaye da katanga, an sa mai gadi. Datti yakan tsaya da fartanya a kafaɗa ya dube su, ya yi tsaki, ya ci gaba da aikinsa.

A cikin wannan hali Muktar ya zo da littafi na uku. Tun daga yadda ya fito daga mota Datti ya san wannan ya fi sauran nauyi.

"Baba, mu duka a Jabi mun yarda, bana ba mu karanta kamarsa ba. Wata mata ce ta rubuta. Ta yi yawo ƙasa ƙasa tana zama da manoman da aka raba da gonakinsu."

"Ita tana noma?"

"Ka dai saurara, Baba."

Ya buɗe ya karanta masa labarin wani ƙauye. Kakannin mutanen suna kwance a wurin. Aka zo musu da takarda, aka ce su nuna tasu. Suka nuna kaburbura. Alƙali ya ce kabari ba shaida ba ne. Ya karanta na wani tsoho da ya je gona da safe ya tarar da waya an kewaye, mai gadi ya tambaye shi wa yake nema.

Datti ya kawar da kai. Wannan karon ba shi da abin ba'a. Ya ga katafilar da idonsa.

"Da ina ganin takardar fili rigimar 'yan birni ce," in ji Muktar. "Yanzu na gane ƙasar da ba ta da takarda, ta wanda ya riga zuwa ofis ce. Duk wanda na sani mai fili na ce ya nemi littafin nan. Har Albert na saya wa ɗaya."

Albert ɗan Jacob ne, malamin sakandare a Karshi. Tare suka yi wasan ƙasa da Muktar.

"Ka ba wa?"

"Albert. Su ma suna da filaye, ai ya kamata ya karanta. Mu kuma gonarka za mu fara yi wa."

"Bar gonar nan yadda take."

"Haka ka ce ranar sukari."

"Na ce ka bar ta."

Maganar ta zo masa har baki. Kalma huɗu ce ko biyar. Ya dubi ɗansa, da farar shaddarsa da agogonsa, yaron da ke gaya wa abokan aikinsa cewa ubansa ya zo Abuja da gatari ya mallaki ƙasa. Ya haɗiye. Ya ce a kawo masa buta, lokacin la'asar ya yi.

Da motar ta tafi, Kande ta fito tattara kofuna.

"Malam, da ka faɗa masa."

"An tambaye ki?"

"Ba a tambaye ni ba. Amma ɗanka ne, na san abin da zai yi."

"Na hana shi. Ya ji."

Bayan haka aka yi rasuwa a garinsu, Datti ya tafi ta'aziyya ya ɗan jima. Ya dawo ana shirin sharar gona, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Washegari ya ɗauki adda ya fita.

Tun daga nesa ya hango mutum zaune a kan kunya, ya dogara da sanda. Jacob ne. Ya rame tun ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi bara, kuma ba ya zuwa gona sai da dalili.

"Yakubu, lafiya da sassafe?"

"Sannu da hanya, Malam. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Jacob ya miƙa sandarsa ya nuna gefensa. Wani guntun siminti ne mai kusurwa huɗu, irin dutsen da masu awo ke kafawa a iyakar fili, an binne shi ya fito kaɗan, an rubuta lamba a kansa tun yana ɗanye. Datti ya ɗaga ido ya hango wani a bakin rafi, wani can wajen fako.

Ya ajiye addar a ƙasa.

"Yaro naka ya zo da mutane na safiyo, masu awon ƙasa," in ji Jacob. "Ni ban gani ba. Albert ne ya kawo nasa mai awo, za su fara da filin gida, su zo nan. Suka samu an riga su."

"Ba da sanina ba ne."

"Haka na gaya wa Albert. Na ce Malam ko mangwaro bai dasa ba tun zamanin baba na. Ya ce, to Baba, mangwaro da siminti wanne ya fi daɗewa?"

Datti ya sunkuyar da kai yana kallon simintin.

"Yara na sun taso mini," Jacob ya ci gaba. "Sun ce na yi barci an ɗauke ƙasa. Sun ce a je wurin mai gari. Na ce a'a, ba zan kai Malam gaban mutane ba. Ku zo gida ranar Asabar, kai da yaro. Mu yi magana, mu kaɗai."

Ya yunƙura zai tashi, Datti ya kama masa hannu. Hannun ba nauyi, kamar kara.

Kwanakin da suka rage Datti bai shiga gonar ba. Wayar da Muktar ya saya masa tana cikin aljihu, ya fito da ita ya mayar ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Asabar ka zo da wuri, za mu gidan Yakubu." Muktar ya yi dariya ta cikin wayar, ya ce, "Ka ga aikin ke nan, Baba? Na so in ba ka mamaki." Datti ya kashe.

Ranar Asabar suka zauna a tsakar gidan Jacob, ƙarƙashin inuwa. An shimfiɗa wa dattijan tabarma, samarin suka hau benci suna fuskantar juna. Albert ya gaida Datti har ƙasa kamar yadda ya saba, amma bai dubi idonsa ba. Littafin na kan cinyarsa.

Jacob ya ce Albert ya faɗi abin da ya gani. Albert ya faɗa a taƙaice. Ya je auna filin gidansu, ya tarar da duwatsun wani a ciki.

Muktar ya dube shi, ya dubi Jacob, ya yi murmushin wanda bai gane wasan ba.

"Filin gidanku? Albert, gonar Baba fa ake magana."

"Ita nake nufi, oga."

"Kai, bar wannan. Baba Jacob, ka gafarce ni, ban san abin da ya kawo maganar nan ba. Tun ba a haife ni ba Baba ke noman wurin. Kuma kowa a garin nan ya san irin riƙon da ya yi wa gidan nan. Shekarar da fari ya cinye amfani, muna cin tuwo sau ɗaya a rana, sai da ya ɗauki dawa a kansa ya kawo muku. Ni na gani da idona. Abin da za a saka masa da shi ke nan?"

Wata mata da ke daka a bayan ɗaki ta tsayar da taɓarya.

Albert ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ashe sadaka muke ci, Baba Datti? Ban sani ba sai yau."

"Albert," in ji Jacob.

"A'a Baba, bari in yi magana." Ya buɗe littafin ya juya wa Muktar. "Kai ka kawo mini wannan har makaranta. Ka ce in karanta, zai canja ni. Ya canja ni. Ga wurin da ka ninke mini da hannunka. Matar ta ce ba kullum kamfani ke cinye ƙasar mutane ba. Wani lokaci baƙon da aka ba wuri ne, ɗansa ya yi karatu, ya riga 'ya'yan masu gida zuwa ofis. Na karanta na ce Allah ya kiyaye, mu namu baƙon ba haka yake ba. Na je gona na ga siminti."

"Wane baƙo? Wa aka ba wuri?" Muktar ya juya. "Baba, ka ji abin da yake faɗa?"

Jacob bai ce komai ba. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa. Datti ya gane. Mutumin nan ba zai ƙaryata shi a gaban ɗansa ba. Idan ya yi shiru, Jacob ma shiru zai yi, yara su tafi kotu, kuma wanda ya riga kai takarda ya san hanyar ofis. Gonar za ta iya zama tasa yau, da shiru kawai. Ya ji yadda abin yake da sauƙi, ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya.

Ya gyara zama.

"Gonar tasu ce."

"Baba?"

"Aro uban Yakubu ya ba ni. Dawar nan ba kyauta ba ce, haƙƙin ƙasa ne."

Muktar ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Amma a Zariya, gaban surukaina, ka ce…"

"Na san abin da na ce."

"Da ka gaya mini ranar nan a rumfa, Baba. Magana ɗaya."

"Na ce ka bari. A da wannan ya isa."

Muktar ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya sauko daga benci ya durƙusa gaban Jacob.

"Baba Jacob, ka yafe mini abin da bakina ya faɗa."

"Tashi, yaro na. Ba ka sani ba."

"Zan je in janye fayil ɗin ranar Litinin." Ya juya wurin abokinsa. "Amma Albert, takarda dole a yi ta, ka san haka. In ba a yi ba, mu duka za mu wayi gari mu ga katanga. Ku yi da sunanku. Sai dai a rubuta a ciki cewa Baba zai ci gaba da noma muddin ransa."

"Takardar suna take ɗauka, ba labari ba," in ji Albert. Muryarsa ta sauko, amma bai ja da baya ba. "Kuma ba ni kaɗai ba ne. Muna da yawa a gidan nan, wasu ba su da aiki, kuma masu gidajen ƙetaren rafi sun riga sun aiko. Ba zan yi wa Baba Datti alkawarin da ba ni da ikon cikawa ba."

Jacob ya buga sandarsa a ƙasa.

"Muddin ina numfashi, Malam zai yi noma a wurin nan. Na faɗa."

Tari ya sarƙe shi. Ya yi ta yi har Albert ya tashi ya riƙe masa kafaɗa, aka kawo ruwa. Duk wanda ke wurin ya ji tsawon alkawarin.

Da tarin ya lafa, Jacob ya ce yara za su je su cire duwatsun. Datti ya miƙe.

"Ba yaron da zai taɓa su. Daga gidana suka fito."

Bai jira rana ta yi sanyi ba. Ya biya gida ya ɗauki diga, bai ce wa Kande komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Muktar ya biyo shi da mota a hankali har bakin gona, ya tsaya a kan 'yar hanyar da ke shiga.

Masu awon sun yi aikinsu da kyau. Simintin ya kama ƙasa sosai. Datti ya yi ta sara, gumi na zuba ta gemunsa, numfashinsa na fita da ƙara. Muktar ya miƙa hannu zai karɓi digar, ya ture shi. Sai da dutsen farko ya motsa ya ce, "Kama nan." Suka ciccibe shi tare zuwa bayan mota. Ƙasa ta ɓata farar shaddar, Muktar bai kakkaɓe ba.

Haka suka bi kusurwa kusurwa. A bakin rafi Muktar ya tsaya ya dubi jajayen rufin da ke ƙetare.

"Baba, idan Baba Jacob ya… idan ta Allah ta kasance, ina za ka yi noma?"

Datti ya ci gaba da sara.

"Ka dawo Kado wurina. Akwai ɗaki."

"In yi me a ɗaki?"

"To me za mu yi?"

Dutsen ƙarshe ya fito ya bar rami. Datti ya dogara da ƙotar digar yana haki. Can bakin hanya wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya, Albert ya sauko tare da mutum biyu masu ɗauke da ƙafafun na'urar awo da buhun siminti. Ba su shigo ba. Suka tsaya daga nesa suna jira, Albert ya haɗa hannuwansa a baya.

Datti ya dube su, ya dubi gonar tun daga fako har rafi. Ya saɓa digarsa.

"Je ka ja motarka," ya ce. "Ka tare musu hanya."